Gefen da Aka Bar wa Teku

Aikina a ofishin nan na unguwar Dokki a Alƙahira shayi ne da shara. Da safe in buɗe, in goge tebura, in ɗora ruwa. Mutanen ofishin injiniyoyi ne, masu zana yadda za a kare garuruwan bakin teku. Na yi shekaru a cikinsu ban taɓa tambayar abin da suke zanawa ba, su ma ba su taɓa tambayata daga ina nake ba. Sun san baƙo ne ni, sun san ba na fasa kofi. Wannan ya ishe mu.

A ɗakin ƙarshe akwai wani tebur mai faɗin gado biyu. A kansa suke gina ƙaramin gari da katako da laka da yashi, su sako masa ruwa ta gefe ɗaya su ga inda zai shiga. Ni nake share yashin da ya zube. Garuruwa da yawa sun wuce ta kan teburin nan. A gina, a yi gardama, a rushe, a gina wani.

Wata safiya na shiga da tsintsiya na tarar sun gina sabo. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Ga tafkunan kiwon kifi a jere, ga magudanar da ke faɗawa teku, ga masallaci mai gajeriyar hasumiya. Ƙauyen da na taɓa zama ne, gabas da garin Rashid. An ja jan zare daga wannan kai zuwa wancan, an kafe shi da allurai. Masallaci da yawancin gidaje suna bayan zaren. Maƙabarta tana gabansa, ta wajen ruwa.

Matata tana cikin maƙabartar nan.

Babbar injiniyoyin mace ce mai furfura, ba ta da yawan dariya. Bashmuhandisa muke ce mata. Ta shigo ta same ni tsaye da tsintsiya a hannu, ta ce ko lafiya, ya Amm, wato kawu. Na nuna zaren, na ce mene ne wannan. Ta ɗan dube ni, don ba ta saba jin tambaya daga bakina ba, sannan ta yi mini bayani yadda take yi wa manyan baƙi. Ta ce teku yana hawa, ƙasar wurin kuma tana nitsewa a hankali. Inda zaren yake za a tayar da ganuwa ta laka da yashi, a kafa mata shingayen kara don su riƙa kama yashin da iska ke kawowa. Gidajen da ke gaba za a tashe su, a gina wa masu su sababbi a kan tudu. Abin da ya rage a gaban zare kuwa za a bar wa teku. Ta ce idan ruwa ya samu fili ya baje, ƙarfinsa yana mutuwa kafin ya iso ganuwa. In aka matse shi, sai ya ci gindinta.

Na ce maƙabartar fa.

Ta ce an sanar da mutanen ƙauyen. Kowa ya kwashe nasa zuwa sabuwar maƙabarta kafin nawwa, guguwar hunturu da ke tayar da teku. Bayan nan za a toshe hanyar da laka, babu shiga.

"Ba za a iya matsar da zaren gaba kaɗan ba?"

"Mun gwada," in ji ta. "Ƙasar wajen maƙabartar laushi gare ta, ba ta ɗaukar ganuwa. Ta karye mana a kan teburin nan, ruwa ya shiga har masallaci. Kai ka share."

Gaskiya ne, ni na share. Na san ruwa. A bakin tafkin Chadi aka haife ni, na ga ya janye ya bar kwale-kwalen ubana a kan busasshiyar ƙasa. A Sudan na ga kogi ya shigo gari da rana tsaka ya tafi da ɗakinmu. Ba ni da gardama da ita.

Ta tambaya ko ina da wani a can. Na ce e. Ta ce in ɗauki hutu, in je da wuri, in nuna kabarin, za a taimake ni.

In nuna kabarin. Abin da ba ni da shi ke nan.

Misirawa gina wa matattunsu ɗaki suke yi, su sa ƙofa, su rubuta suna. Mu ba haka muke ba. A haƙa, a kwantar da mutum, a rufe da itace ko fasasshiyar tukunya, a mayar da ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi addu'a, a juya. Damina ta zo ta daidaita wurin. Ban san inda kabarin ubana yake ba, shi ma bai san na nasa uban ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin kunya ne. Haka na yi wa matata. Ta rasu bayan haihuwa, lokacin ina aiki a tafkunan kifin nan. Aka ba ni wuri a kusurwar baƙi, can ƙarshen maƙabarta. Na haƙa da hannuna irin namu, babban rami da ƙarami a cikinsa. Itace yana wuya a wurin, sai na samo tuluna na raba su biyu biyu, na jera a bakin ƙaramin ramin. Akwai wani dabino a kusa. Ba don in dawo na lura da shi ba, ido ne kawai ya kama. Na ɗauki jaririya na taho Alƙahira.

Jaririyar nan yanzu ta haura ashirin. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai ce, ba na kiran sunanta. A unguwar Hay el-Sabi' ta girma cikin 'ya'yan Misirawa, Larabcinta ya fi Hausarta, tana aiki a kantin magani. Tun tana ƙarama, duk salla takan ga ƙawayenta sun bi iyayensu maƙabarta da kwandon gurasar sadaka da ganyen dabino. Sai ta dawo ta ce, Baba, mu ina tamu? In ce mata tana bakin teku, yi mata addu'a daga nan, tana isa. Da ta girma ta daina tambaya. Ban ɗauka ta manta ba.

Na yi kwanaki ban gaya mata ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na tare wani ɗalibi ɗan Kano da ke haya a benenmu, wanda yake ja mana salla. Na ce masa ya halatta a tono mutum a canja masa wuri? Ya fara jero mini maganganun malamai da Larabci irin na littafi. Na ce Malam, da Hausa, ni masunci ne. Ya yi dariya, ya ce in ana tsoron ruwa ya tone shi, a ɗauke shi ya fi. Na ce in ba a san inda yake ba fa? Ya ce to babu laifi a kaina in na bari. Ya ba ni hanya biyu, ya shige ɗaki.

Da ni kaɗai ne da na ɗauki ta biyu. Amma na taɓa ganin abin da ruwa yake yi wa maƙabarta. A Sudan na gani. Ba zan faɗi abin da muka tsinta a cikin gonaki ba.

Na sami yarinyar tana yanka lalo a tire, na gaya mata a tsaye. Ta ajiye wuƙar.

"Ka san wurin?"

"Na san kusurwar."

"Ban ce kusurwa ba, Baba."

Na ce akwai dabino. Ta juya harshe zuwa Larabci, yadda take yi in ranta ya ɓaci. Ta ce ko matar bawwab, mai gadin benen nan, ta san inda ta binne kyanwarta. Na ce uwarki ba kyanwa ba ce, an yi mata yadda aka yi wa uwarta da kakarta. Ta ce da ita za a je. Na ce mata ba sa shiga maƙabarta.

"A garinku," in ji ta.

Washegari ta dawo daga aiki da farin yadi a leda, na likkafani. Ba ta nuna mini ba, ta dai ajiye shi inda zan gani.

Muka shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya, da safe. Da muka doshi arewa na fara ganin gonakin da na sani da shinkafa sun yi fari, gishiri ya fito musu a fuska. Kusa da ƙauyen muka tarar da manyan motoci suna juye laka. Ganuwar ta riga ta tashi a wasu wurare, ta kai tsayin ɗaki, mata suna zaune a gindinta suna saƙa shingen kara. An bar giɓi ɗaya ana wucewa. Ta nan muka bi.

Da can in kana maƙabartar ba ka jin teku sai in iska ta juyo. Yanzu ga shi nan kana kallonsa, launin toka, yana tafasa. Sama ta yi nauyi ta wajen arewa. Mutane sun cika wurin, kowane dangi a bakin ɗakin matattunsa, ana fasa ƙofa da guduma, ana fito da ƙunshi a farin yadi ana ɗorawa a amalanke. Kowa ya san ƙofarsa. Mu muka wuce su har ƙarshe.

Kusurwar baƙi ta zama fili guda, shimfiɗe, da ɓawon gishiri a kai. Babu tudu ko ɗaya. Dabinai duk sun mutu. Wasu suna tsaye ba kai, wasu an sare su, kututture ne kawai. Na tsaya ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Ita tana kallona, ba ta kallon filin.

"Wanne ne?" ta ce.

Na ci gaba da duba kututturan.

Mai haƙa kabarin ƙauyen, turabi suke ce masa, yana nan da ransa. Ya tsufa, ya ranƙwafa, haƙora biyu suka rage masa. Ya zo ya leƙa fuskata, ya ce kai ne Basudanen nan mai tuluna. Duk baƙin mutum Basudane ne a wurinsu, ban gyara masa ba. Ya ce ba zai tone kusurwar gaba ɗaya ba, ƙarfinsa bai kai ba, doka ma ba ta yarda ba. Ma'aikacin lafiya da ke tsayawa a kan tonon kuma yau ne zuwansa na ƙarshe, masunta sun ce nawwa tana bakin ƙofa. Ya shiga rumfarsa ya fito da doguwar rodi ya miƙa mini. Ya ce in tuluna na sa, ƙarfe zai ji su.

Na fara daga kututturen da ya fi kama da wanda ke kaina. In kafa rodi, in danna da ƙirji. Tana shiga kamar cikin tuwo mai laushi, in na zare ruwa ya biyo ramin yana ƙyalli. Ita tana bina da tsinken kara tana sokawa a duk inda na gwada don kada in maimaita. Muka gama gefen kututturen, babu komai. Muka koma na biyu. Iska ta fara ɗaga ledoji tana watsa mana yashi. Amalankai suna ta fita, maƙabartar tana ragewa da mutane. Tafin hannuna ya sale. Na ga ta daina soka tsinke a hankali, sai ta caka da ƙarfi har ya karye.

A wajen kututture na uku rodi ta tsaya. Na ɗaga na sake saukewa. Ƙwas. Ba dutse ba ne, wurin babu dutse. Na matsa tafi ɗaya na sake. Ƙwas.

Yarinyar ta riƙo hannun rigata. Rabon da ta riƙe ni haka tun tana 'yar makaranta.

Turabi ya matso ya saurara. Bai yi murna ba. Ya sosa wuya, ya ce in gwada nan gefe. Na ce don me. Ya ce in dai gwada. Na matsa dama kamar tsayin hannu biyu, na danna. Ƙwas. Ya nuna mini hagu. Can ma haka.

Sai ya gaya mana. Ya ce ranar da na binne matata yana tsaye yana kallo, aikin ya burge shi, tulu ya fi bulo sauƙi kuma ba ya ruɓewa. Sai ya ɗauki dabarar. A shekarar ya binne baƙi biyu haka, kusa da ita. Ɗaya namiji ne da teku ya jefo, ba a san ko waye ba. Ɗaya mace ce daga kudancin ƙasar, ta zo aikin gona ta rasu, babu wanda ya biyo sawunta. Daga baya aka hana shi, aka koma bulo. Na ce wanne ne na farko a cikin ukun. Ya ce wallahi da ya sani da ya faɗa.

Kaburbura uku a jere, duka da tuluna.

Ya ce in an buɗe zai iya ware namijin, ya san ƙashi. Matan biyu kuwa sai Allah. Yarinyar ta ce akwai gwaji, a ɗauki ɗan guntun ƙashi daga kowacce a kai Alƙahira, a haɗa da jininta, za a gane. Na ce ba za a gutsuri komai daga jikin uwarki ba. Ta ce to ta yaya za ta sani. Na ce ban sani ba. Ta ce kullum amsata ke nan.

Muna cikin haka ma'aikacin lafiya ya iso. Matashi ne, da takalmi mai tsabta, yana tafe yana duban sama. Turabi ya yi masa bayani. Ma'aikacin ya ce maganar gwaji sai da izinin kotu, wannan kuwa sai bayan hunturu, lokacin babu maƙabartar. Dokar da aka ba shi ɗaya ce, ana ɗaukar wanda danginsa suka zo suka nuna. Wanda ba a nuna ba yana nan. Ya ce in zaɓa da sauri, yana da sauran mutane.

"Wanne ne naka, ya Hajj?"

Na dubi wuraren uku. Gishiri iri ɗaya, ramukan rodi cike da ruwa. Na yi ƙoƙarin tuno inda na tsaya ranar, inda rana take, inda dabinon yake daga kafaɗata. Abin da na tuna kawai shi ne nauyin jaririya a hannun wata maƙwabciya da kukan da take yi a bakin hanya. In na nuna na tsakiya, wataƙila in ɗauki mutumin da teku ya jefo in bar wa teku matata. Yarinyar tana gefena, ina jin numfashinta.

"Duka ukun," na ce.

Ya ce ba wasa ya zo yi ba. An ce masa mace ɗaya ce.

"To nuna mini wadda zan bari."

Ya dubi turabi. Tsohon ya tofar da yawu gefe, ya ce shi shaida ne, duk wanda ke ƙarƙashin tulu a maƙabartar nan na mutumin nan ne, don binnewar garinsu ce, Misirawa ba sa yin haka. In bai yarda ba ya tsaya a buɗe ya gani da idonsa. Ma'aikacin ya sake duban sama, ya dubi takalminsa, ya ce shi abin da turabi ya shaida shi zai bi. Ya ce yalla, mu yi sauri, kafin ruwa ya sauko. Ya koma can nesa ya juya mana baya yana waya.

Yadin mutum ɗaya yarinyar ta kawo. Ta zaro shi daga leda ta warware, iska tana fizgarsa. Ta auna da hannu, ta kama bakinsa da haƙori, ta tsaga. Ta sake aunawa, ta sake tsagawa. Ba ta dube ni ba.

Ni da turabi muka haƙa, wasu masunta biyu da suka gama da nasu suka kama mana. Ba haƙa ba ce, kwasar taɓo ce. Shebur ɗaya na laka, bokiti ɗaya na ruwa. Gefen ramin yana zubowa, mu kwashe, ya sake zubowa. Ruwan sanyi gare shi, gishirin yana cin inda hannuna ya sale. Yayyafi ya fara kafin mu kai ga tuluna na farko. Na ce wa yarinyar ta juya baya. Ta ƙi. Na ce to ta tsaya ta wajen kai ta riƙe yadin sama kada ya jiƙe, ta yi hakan.

Ni na shiga ramin. Na ɗaga ɓarin tulunan ɗaya ɗaya na miƙa sama. Ƙarƙashinsu ruwa ne baƙi, ba a ganin komai, sai da hannu. Na yi bismilla na lalubo. Abin da hannuna ya samu in ɗora a yadi, turabi ya rufe. Na bi ramin daga kai har ƙafa sau da yawa don kada in bar komai.

Na ɗauka hannuna zai gane ta. Bai gane ba. Na fita daga na farko na shiga na biyu, na fita na shiga na uku, duk ɗaya ne a hannu. Turabi ya so ya gaya mini wanne ne namijin, na ga ya buɗe baki. Na ce ya riƙe abinsa, ya dai tabbata ba a haɗa su ba, kowa da yadinsa. Yarinyar ta ji. Ta dai ci gaba da riƙe yadin.

Lokacin da na fito daga na ƙarshe kumfar teku ta riga ta iso dabinan farko. Amalanke babu, duk sun tafi. Na ɗauki ƙunshi ɗaya, turabi ya ɗauki ɗaya. Na ukun yana ƙasa a kan leda. Masuntan suna ɗauke da ɓarin tulunan da na ce a taho da su. Yarinyar ta sunkuya ta ɗauka ta rungume a ƙirji, ta wuce gabanmu. Ba nauyi gare su ba. Muka bi ta giɓin ganuwa, direban motar laka yana zaune da injin a kunne yana jiran mu wuce.

Sabuwar maƙabartar tana kan tudun da aka tara da mota, bayan ganuwa. An ware wa baƙi layi a gefe. Ƙasar a bushe take a ciki, haƙa ba ta yi wuya ba. Muka yi ramuka uku a jere yadda muka same su, muka rufe da tulunan da ba su farfashe ba, muka cika da bulo. Muka yi addu'a ruwa yana dukanmu.

Akwai magini a wurin yana kafa wa mutane alluna na dutse. Ya zo ya ce wane suna za a rubuta, kuma a kan wanne. Yarinyar ta dube ni. Na ce ta yi abin da ta ga dama. Ta ce masa allo ɗaya take so, mai faɗi, a kafa shi ta wajen kai ya ratsa ukun. Ta faɗi sunan uwarta a fili, ta maimaita masa don ya ji cikin iska. Rabon da in ji sunan nan a bakin wani tun ranar da aka yi mata salla. Ta ce a ƙara a ƙasa, da biyun da suka kwanta tare da ita.

Nawwa ta sauka muna cikin mikrobas a hanyar dawowa. Yarinyar ta zauna ta wajen taga da laka har gwiwa. Can wajen garin Tanta ta ce, ba tare da ta juyo ba, da ka sa ko dutse ne, Baba. Na ce da ruwa ya kwashe shi. Ta ce wataƙila.

Da na koma aiki bashmuhandisa ta tare ni a bakin kicin, ta ce na samu? Na ce na samu. Ta ce alhamdulillahi, ta karɓi shayinta. Bayan wasu makonni suka sako wa teburin ruwa a gaban baƙi. Ina tsaye da tire. Ruwan ya haye tafkunan gaba, ya shafe maƙabartar, ya baje, ya zo ya tsaya a gindin ganuwa. Aka tafa. Da suka gama da garin suka rushe shi, na share yashin na zuba a bokiti, aka gina wani.

Ƙaramar salla da ta zo yarinyar ta tashi da asuba ta cika kwando da gurasa. Ta ce in zo mu je. Na ce na riga na yi nawa. Ta tafi ita kaɗai, ta dawo da yamma da yashi a takalmi. Ta ce ganuwar ta tsaya, shingen kara ya kama yashi har ya kusa binnewa, tsohuwar maƙabartar kuwa tsuntsayen ruwa ne a kai. Na ce a ina ta tsaya ta yi addu'ar. Ta ce a kan na dama. Babbar salla za ta tsaya a na tsakiya.